Shela da Gayya: Yadda Ƙungiyoyin Taimakon Jama'a Za Su Ci Moriyar Kafofin Sada Zumunta



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda ƙungiyar da aka kafa domin taimakon jama'a, ba domin neman riba ba, za ta yi amfani da kafofin sada zumunta na zamani, watau irin su Facebook da WhatsApp da YouTube da sauransu, ta yadda aikinta zai ci gaba, mutuncinta kuma ya tsira. Ƙungiyoyin da ake nufi sun haɗa da na kula da marayu, da na haƙa rijiyoyi, da na yaƙi da jahilci, da na tsofaffin ɗalibai, da na raya ƙauyuka, da masu bin sawun kuɗin gwamnati.

Tun kafin zuwan rediyo da jarida, Bahaushe yana da hanyoyi biyu na tara mutane. Ta farko ita ce shela, inda sankira zai zaga gari yana sanar da abin da ya faru ko abin da sarki ya ce, kowa ya ji, kowa ya koma harkarsa. Ta biyu ita ce gayya, inda mai gona zai kira 'yan'uwa da maƙwabta, ya faɗa musu gonar da za a nome, da ranar da za a fita, kowa ya saɓo fartanyarsa ya zo. Idan rana ta faɗi, ba sai an tambayi kowa ba, gonar ita ce shaida. Kafofin sada zumunta sun iya shela fiye da duk wani sankira da aka taɓa yi. Amma ƙungiyar taimakon jama'a gayya take bukata. Abin da wannan lacca za ta yi ƙoƙarin nunawa ke nan: kafa ba ta amfani ƙungiya sai ta mai da mai ji ya zama mai yi, kuma hakan ba ya samuwa sai da kira bayyananne da riƙon amana.

Yanayin kafofin

Kafin mutum ya kasa haja a kasuwa, ya kamata ya san mai kasuwar da irin ribar da yake nema. An kafa Facebook a 2004, YouTube a 2005, Twitter a 2006 (wanda aka canza wa suna zuwa X a 2023), WhatsApp a 2009, Instagram kuma a 2010. Dukkansu mallakar kamfanoni ne na kasuwanci, kuma yawancinsu da kuɗin talla suke rayuwa. Saboda haka abin da ya fi damun kamfanin shi ne mutum ya daɗe yana kallon wayarsa, domin a sami damar nuna masa talla.

Daga nan ne wani muhimmin al'amari ya samo asali. Ba kowane abin da ƙungiya ta wallafa ne yake kaiwa ga dukkan mabiyan shafinta ba. Akwai wani tsarin lissafi na kwamfuta da ke zaɓar wa kowane mutum abin da zai gani, kuma yana fifita abin da ke jawo muhawara, ko dariya, ko fushi, ko tausayi. Rahoton ƙungiya game da rijiyar da ta gyara yana gogayya ne da labarin ƙwallon ƙafa da rigimar 'yan siyasa da hotunan biki. Ƙungiyar da ba ta fahimci haka ba, ko dai ta karaya ta ce jama'a ba su damu ba, ko kuma ta shiga neman suna ta kowace hanya, har ta manta da dalilin da ya sa aka kafa ta.

Taron tsintsiya

Misalin da ya fi fitowa fili game da shelar da ba ta zama gayya ba ya faru ne a 2012. A watan Maris na wannan shekara wata ƙungiya ta Amurka mai suna Invisible Children ta saki wani fim na kimanin minti talatin a kan Joseph Kony, madugun 'yan tawayen LRA na Yuganda, wanda ya yi ƙaurin suna wajen sace yara yana mai da su sojoji, wanda kuma Kotun Hukunta Manyan Laifuffuka ta Duniya ta ba da sammacin kama shi tun 2005. Cikin kwana shida an kalli fim ɗin sau miliyan ɗari, abin da ba a taɓa gani ba a wancan zamani.

To, amma me aka nemi waɗannan miliyoyi su yi? An ce su yaɗa fim ɗin, su sayi abin hannu da fastoci, su fito ran 20 ga Afrilu su manna hotunan Kony a biranensu domin ya shahara. Da ranar ta zo, waɗanda suka fito ba su taka kara sun karya ba. Bugu da ƙari, masana sun yi ƙorafin cewa fim ɗin ya sauƙaƙa labari mai sarƙaƙiya, domin 'yan tawayen sun riga sun bar Yuganda shekaru kafin nan, sun fantsama cikin Kwango da Afirka ta Tsakiya da Sudan ta Kudu. Da aka nuna fim ɗin a garin Lira na arewacin Yuganda, inda mutanen da abin ya shafa suke, taron ya watse cikin fushi da jifa. A ƙarshen 2014 ƙungiyar ta ba da sanarwar rage mafi yawan ayyukanta, a 2017 kuma Amurka da Yuganda suka janye sojojin da ke farautar Kony ba tare da an kama shi ba. Wannan shi ne abin da Hausawa ke kira taron tsintsiya ba shara.

Reshen Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya da ke ƙasar Suwidin ya gane wannan matsala, har ya fito a 2013 ya gaya wa mabiyansa ƙarara cewa danna alamar so a shafinsa ba ya yi wa ko yaro ɗaya allurar rigakafin shan inna, kuɗi ne ke sayen maganin. Magana ce mai ɗaci, amma kowace ƙungiya tana bukatar ta riƙa tuna wa kanta ita.

Kira bayyananne

A damina ta 2014 an ga wani abu dabam. Wata cuta da ake kira ALS, wadda ke kashe jijiyoyin da ke motsa gaɓoɓin jiki, ba sananniya ba ce ga yawancin mutane, sai wasu masu fama da ita a Amurka, musamman Pete Frates da Pat Quinn, suka yayata wani wasa: mutum ya kwara wa kansa bokitin ruwan ƙanƙara, a ɗauke shi bidiyo, ya ba da gudummawa, sa'an nan ya ambaci sunayen abokansa ya ƙalubalance su su yi haka cikin sa'o'i ashirin da huɗu. Ƙungiyar ALS ta Amurka ta sami dala miliyan 115 cikin 'yan makonni, kuma wani ɓangare na kuɗin ya taimaka wa binciken da ya gano wata ƙwayar halitta mai alaƙa da cutar a 2016. Abin lura a nan ba ruwan ƙanƙarar ba ne. An faɗi aikin da za a yi, an sa masa wa'adi, an nuna inda kuɗi za su je, kuma aboki ne ya kira abokinsa da suna. Waɗannan su ne sharuɗɗan gayya tun fil azal.

Amma misalin da ya fi cancanta a tsaya a kansa a gida yake. A 2010 ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ta gano cewa yara suna mutuwa ba ƙaƙƙautawa a wasu ƙauyukan Jihar Zamfara. Dalili shi ne duwatsun da masu haƙar zinariya ke kawowa gida suna dakawa suna niƙawa suna ɗauke da dalma mai yawa, ƙurar kuma ta gauraye da ƙasar tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara kimanin ɗari huɗu suka rasu. An share ƙasar wasu ƙauyuka an kuma yi wa yaransu magani, amma aka bar Bagega da ke Ƙaramar Hukumar Anka, wadda ta fi su girma. Likitoci sun bayyana cewa ba amfanin a ba yaro maganin fitar da gubar muddin zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta ba shi ita. Dole sai an kankare ƙasar an sauya ta tukuna. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 domin shawo kan bala'in, amma watanni suka shuɗe kuɗin ba su fito ba, yara kimanin dubu ɗaya da ɗari biyar kuwa suna jira.

A 2012 wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka fara wani shiri mai suna Follow The Money, watau bin sawun kuɗi. Abu na farko da suka yi shi ne zuwa Bagega da ƙafafunsu, suka ga halin da ake ciki, suka ji daga bakin mutanen garin. Sa'an nan, tare da wasu ƙungiyoyin gida da na waje, suka ɗaga maganar a ƙarƙashin maudu'in #SaveBagega. Ba su nemi a kawar da talauci daga Zamfara ba, ba su kuma nemi a gyara harkar ma'adinai ta Nijeriya baki ɗaya ba. Abu ɗaya suka nema: a saki kuɗin da aka riga aka yi alkawari. Sun kuma san wanda ke da ikon sa hannu. Shugaban ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, mutum ne da ya ɗauki Facebook da muhimmanci, domin a nan ya fara bayyana takararsa a 2010. Saboda haka aka bi shi har shafinsa, aka kuma tuntuɓi 'yan majalisa da 'yan jarida. A watan Janairu na 2013 aka ba da izinin sakin kuɗin, aka shiga aikin share ƙasa, cikin watannin da suka biyo baya kuma likitoci suka fara yi wa yaran magani.

Adadin waɗanda suka ji labarin Bagega bai kama ƙafar waɗanda suka kalli fim ɗin Kony ba. Duk da haka a Bagega ne aka nome gona. Darasin da ke ciki shi ne, kafin ƙungiya ta wallafa komai, ta amsa wa kanta tambayoyi uku: wa ake son ya ji? Me ake son ya yi? Yaushe za a san ya yi ko bai yi ba? Saƙon da ba shi da amsar waɗannan, ko da dubbai sun yaba shi, shela ce kawai.

Amana

Ƙungiyar taimakon jama'a ba ta da hajar sayarwa. Jarinta ɗaya ne, shi ne yardar da mutane suka yi da ita. Wannan amana kuwa tana da fuska uku a kafofin sada zumunta.

Ta farko ita ce amanar dukiya. Ƙungiyoyi da yawa suna da zafin nama a lokacin roƙo, amma da zarar kuɗi sun shigo sai a ji shiru. Wata ƙungiyar samar da ruwan sha mai suna charity: water, wadda Scott Harrison ya kafa a birnin New York a 2006, ta gina sunanta a kan akasin haka. Ta raba asusunta biyu: gudummawar jama'a tana tafiya kacokan ga aikin ruwa, albashi da kuɗin ofis kuma wasu masu hannu da shuni ne dabam ke ɗaukar nauyinsu. Idan an gama rijiya, sai ta wallafa hotonta da ainihin wurin da take a taswira, yadda kowa zai iya dubawa. Ba kowace ƙungiya ce ke da irin wannan ƙarfi ba, amma ko ƙungiyar unguwa tana iya wallafa cewa an tara kaza, an sayi siminti buhu kaza, saura kaza, ga hoton aikin. Gani ya kori ji. Haka kuma ya wajaba a karɓi gudummawa ta asusun banki mai sunan ƙungiya wadda aka yi wa rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, ba ta asusun wani mutum ba, komai gaskiyarsa, domin 'yan damfara suna kwaikwayon shafukan masu taimako suna canza lambar asusu.

Ta biyu ita ce amanar mutuncin wanda ake taimako. Sanannen abu ne cewa hoton yaro mai ƙwanji, ko na gwauruwa tana kuka an ɗora mata buhun shinkafa a gabanta, ya fi saurin jawo tausayi. Amma hoton da aka sa a intanet ba ya goguwa. Yaron zai girma, abokansa za su gani. A 2012 wata ƙungiyar ɗalibai da malaman jami'a ta ƙasar Norway ta fitar da wani bidiyo na barkwanci inda 'yan Afirka ke tara na'urorin ɗumama ɗaki domin ceton mutanen Norway daga sanyi, don ta nuna wa Turawa yadda tallan neman taimako ke ƙasƙantar da waɗanda ake nunawa. Abin takaici ne a ce ƙungiyoyin gida su gaji wannan ɗabi'a su yi wa 'yan'uwansu. Ya kamata a nemi izinin mutum, ko na iyayen yaro, kafin a ɗauki hoto, a bayyana musu inda za a sa shi, a ɓoye suna da fuskar wanda bayyanarsa za ta jawo masa tsangwama. Wannan ma ya wuce batun ladabi, domin Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane alhakin kiyaye su.

Ta uku ita ce amanar magana. A watan Agusta na 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Nijeriya, wani saƙo ya bazu ta wayoyi cikin dare ɗaya cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa suna kare mutum. Jama'a da dama suka kwanta a asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Yawancin waɗanda suka tura saƙon da kyakkyawar niyya suka yi. Idan mutum ɗaya ya yi irin wannan kuskure, abin ya tsaya ga 'yan'uwansa. Idan ƙungiya ta yi, ta sa wa ƙarya hatimi. Saboda haka wajibi ne a san wanda ke riƙe da mabuɗin shafi, a kuma kafa ƙa'idar cewa ba a wallafa adadi ko labari sai mutum na biyu ya tabbatar da tushensa. Idan kuwa an yi kuskure, a fito a gyara shi a wurin da aka yi shi. Magana zarar bunu ce.

Gidan aro

Akwai wani haɗari da ƙungiyoyi ba su cika lura da shi ba, watau cewa shafin da suke taƙama da shi ba nasu ba ne. A watan Janairu na 2018 kamfanin Facebook ya sanar da cewa zai riƙa fifita saƙonnin 'yan'uwa da abokai a kan na shafukan hukumomi da kamfanoni, ba kuwa tare da ya shawarci ko ƙungiya ɗaya ba. A watan Yuni na 2021 gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe shi ba sai a watan Janairu na 2022. Ran 4 ga Oktoba na 2021 kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya a duk duniya har na kimanin sa'o'i shida. Ƙungiyar da duk hulɗarta da magoya bayanta ta rataya a kan kafa ɗaya, a irin waɗannan ranaku ba ta da baki. Kayan aro ba ya rufe katara. Maganin abin shi ne ƙungiya ta mallaki nata kundin sunaye da lambobin wayar magoya baya, bisa yardarsu, ta kuma riƙe tsofaffin hanyoyi: rediyo, da masallaci da coci, da fadar mai unguwa, da taron ido da ido.

Harshe da ma'auni

Zaɓin kafa ya danganta ne ga wanda ake son ya ji. Idan minista ko ɗan jarida ake nema, akwai inda suke taruwa. Idan kuwa matan karkara ake son su fito da yara rigakafi, to saƙon murya na minti ɗaya da Hausa, daga bakin ungozomar da suka sani, wanda za a tura ta WhatsApp ko a kunna a gidan suna, ya fi doguwar takardar Turanci. Tun 2016 Facebook ya sa Hausa cikin harsunansa, amma har yanzu ƙungiyoyi da yawa da ke aiki a ƙasar Hausa da Turanci suke rubutu, domin idonsu yana kan mai ba da tallafi na waje, ba kan jama'ar da suka ce suna yi wa hidima ba. Ya kamata kuma a tuna cewa kuɗin data daga aljihun talaka suke fita. Bidiyo mai nauyi ba zai buɗe shi ba.

Game da ma'auni kuwa, yawan mabiya shi ne mafi sauƙin ƙirgawa, shi ne kuma mafi ƙarancin amfani, tun da har sayen su ake yi. Abin da ya kamata kwamitin ƙungiya ya tambaya a ƙarshen wata shi ne: mutum nawa suka ba da jini, nawa suka zo aikin gayya, nawa suka sake ba da gudummawa karo na biyu, tambaya nawa aka amsa. Na ƙarshen nan yana da muhimmanci, domin abin da ya bambanta waɗannan kafofi da allon talla shi ne jama'a suna mai da martani. Shafin da ba ya amsa tambaya ya zama ofishin da ba kowa a ciki.

Kammalawa

Ɗalibai su ne aka fi damƙa wa shafukan ƙungiyoyi, saboda ana ganin su suka san waya. Ya kamata su gane cewa sunan ƙungiya da mutuncin marasa ƙarfi aka sa a hannunsu, ba abin wasa ba. Ma'aikatan gwamnati kuwa sau da yawa su ne kiran yake faɗowa a kan teburinsu. Labarin Bagega ya nuna cewa ƙungiyar da ta zo da hujja da buƙata bayyananna ba abokiyar gaba ba ce. Tana taya hukuma ganin abin da fayil ya ɓoye, kuma amsa mata da gaskiya cikin lokaci ya fi arha a kan yin shiru.

Kafofin da aka ambata a wannan lacca za su canza, wasu za su mutu, wasu sababbi su fito, kamar yadda aka riga aka gani. Sharuɗɗan gayya kuwa suna nan yadda suke: a faɗi gonar, a faɗi ranar, a kira mutane da harshen da suke ji, idan an gama kuma a nuna musu abin da hannunsu ya yi. Ƙungiyar da ta kiyaye waɗannan, idan ta sake kira za a sake amsa mata.